Babi na Shida: Italiya, Ƙasar da Haihuwa Ta Ja Baya

A shekarar 2014 yawan mutanen Italiya ya kai ƙololuwarsa, miliyan 60 da ɗoriya. Tun daga nan yake raguwa, har ya sauko zuwa wajen miliyan 59. Annobar korona ta ƙara yawan mace-mace a 2020, amma ta tarar da raguwar ta riga ta kankama, kuma da ta wuce lamarin bai sauya ba. Tushen matsalar yana ɗakin haihuwa. A 1964 an haifi jarirai sama da miliyan ɗaya a ƙasar. A 2008 an haifi kimanin 577,000. A 2024 kuwa, bisa ƙididdigar hukumar ƙasar mai suna ISTAT, wajen 370,000 kacal aka haifa, alhali waɗanda suka mutu sun kai kimanin 650,000. Tun daga 1993, in ban da shekara biyu, babu shekarar da masu zuwa duniya suka fi masu barinta yawa a Italiya.

Wannan giɓi baƙi ne suke cike wani sashe nasa. Shi ya sa ba a iya raba maganar yawan jama'ar Italiya da maganar ƙaura, kuma ƙaurar tana da fuska biyu: ta masu shigowa, wadda ake yawan ji a rediyo, da ta masu fita, wadda ta girme ta da fiye da shekaru ɗari.

Ƙasar 'yan ci-rani

Lokacin da aka haɗe yankunan Italiya suka zama ƙasa ɗaya a 1861, mafi yawan mutanenta manoma ne matalauta, da dama ba su da gonar kansu, ba su iya karatu ba. A kudu manyan masu ƙasa ne suka mallaki filaye, talaka kuwa sai ƙodago. A arewa maso gabas, yankunan Beneto da Firiyuli, yunwa da cututtukan rashin abinci mai gina jiki sun zama ruwan dare. Sai mutane suka fara haɗa kayansu. Tsakanin 1876 da 1976 kimanin mutum miliyan 26 ne suka bar ƙasar, adadin da ya kai yawan jama'arta baki ɗaya a lokacin haɗewa. A 1913 kaɗai sama da mutum 870,000 suka fita. Sun nufi Amurka da Ajantina da Birazil, wasu kuma ƙasashen maƙwabta, Faransa da Siwizalan da Jamus. Da yawa sun dawo bayan sun tara abin sayen gona ko gina gida, amma miliyoyi sun zauna can. Kuɗin da suke aikowa ya riƙe ƙauyuka masu yawa na tsawon shekaru.

Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. A Amurka an riƙa yi musu kallon ƙazamai masu aikata laifi, har dokar shige da fice ta 1924 ta kusa rufe musu ƙofa ɗungum. Gwamnatin Mussolini kuwa ta ɗauki fitar jama'a abin kunya. Ta taƙaita ta, ta ɗora wa gwauraye haraji tun daga 1927, ta riƙa ba da kyauta ga iyalai masu 'ya'ya da yawa, ta kuma kwashi manoma ta kai su Libiya, wadda take mulka a lokacin. Duk da haka haihuwa ba ta ƙaru yadda gwamnatin ta so ba. Wannan shi ne karo na farko da hukuma ta gwada sayen haihuwa da kuɗi a Italiya, ba ta kuma yi nasara ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fitar ta dawo, wannan karon da yardar gwamnati. A 1946 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Beljiyam: ita ta tura lebura zuwa ramukan haƙar kwal, a sayar mata da kwal a madadinsu. Ranar 8 ga Agusta, 1956, gobara ta tashi a ramin Marsinel, mutum 262 suka mutu, 136 daga cikinsu 'yan Italiya ne. A 1955 an yi irin wannan yarjejeniya ta ma'aikata da Jamus ta Yamma. A daidai wannan lokaci wata ƙaurar tana gudana a cikin gida. Miliyoyin mutanen kudu, daga Sisili da Kalabiriya da Fuliya da Kamfaniya, sun hau jirgin ƙasa zuwa Turin da Milan da Janowa, inda masana'antu irin su kamfanin motoci na Fiat ke neman hannuwa. A Turin har akwai masu gidajen haya da ke rubuta a ƙofa cewa ba sa ba ɗan kudu haya. Sai a farkon shekarun 1970 ne masu dawowa suka fara rinjayar masu fita.

Abin da ya hana haihuwa

Kafin al'umma ta maye gurbin kanta, ana buƙatar kowace mace ta haifi 'ya'ya 2.1 a matsakaicin lissafi. Italiya ta faɗo ƙasa da wannan tun ƙarshen shekarun 1970. A 1995 adadin ya kai 1.19. Ya ɗan farfaɗo zuwa wajen 1.4 a 2008, galibi saboda haihuwar mata baƙi, sannan ya sake sulalewa zuwa 1.18 a 2024, mafi ƙanƙanta a tarihin ƙasar har zuwa lokacin. A tsibirin Sadiniya bai kai ɗaya ba. Kudu, wadda a da aka sani da manyan iyalai, yau ba ta da bambanci sosai da arewa. Lardin Bolzano da ke can arewa cikin duwatsu shi ne kan gaba, kuma ba a banza ba: akwai aikin yi, akwai gidajen renon yara, hukumar lardin kuma ta daɗe tana tallafa wa iyalai ba tare da yankewa ba.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa mutanen sun daina son 'ya'ya ne. Binciken da ake yi a ƙasar bai nuna haka ba, domin mafi yawan matasa suna cewa biyu suke so. Abin da ke faruwa shi ne jinkiri. Matashi yana gama jami'a a makare, ya shafe shekaru yana aikin kwantiragi na 'yan watanni, albashi kuma idan aka auna shi da tsadar rayuwa kusan bai motsa ba cikin shekaru talatin. Banki ba ya ba wanda ba shi da tsayayyen aiki bashin sayen gida. Saboda haka ɗan Italiya kan kai wajen shekara 30 yana gidan iyayensa. Mace kan yi haihuwar fari tana da shekara 31 zuwa 32, kuma wadda ta fara a wannan shekarun sau da yawa daga ɗaya take tsayawa.

Nauyin ya fi faɗawa kan mata. Kusan rabin matan da suka isa aiki ne kawai suke da aikin albashi, adadin da yake cikin mafi ƙanƙanta a Tarayyar Turai. Gidajen renon yara ba su wadata ba, musamman a kudu, aikin gida da kula da tsofaffi kuma har yanzu a wuyan mace suke. Wadda ta haihu takan fuskanci zaɓi tsakanin aiki da reno, da dama kuma suna ajiye aikin. A arewacin Turai, inda mata suka fi samun aiki da tallafin reno, haihuwa ta fi ta Italiya. Wato zaman mace a gida bai ƙara wa Italiya jarirai ba.

Akwai kuma dalilin da babu wata gwamnati da za ta iya gyarawa cikin gaggawa. 'Yan matan da ba a haifa ba a shekarun 1980 da 1990 su ne iyayen da babu su yau. Ko da kowace mace ta ƙara ɗa ɗaya, matan da suke shekarun haihuwa sun riga sun ragu ƙwarai, kuma ISTAT ta nuna wannan shi ne ke da kaso mafi girma a faɗuwar haihuwa ta 'yan shekarun nan. Tallafin wata-wata ga kowane yaro da aka fara biya a 2022 ya rage wa iyalai nauyi, amma bai juya akalar ba.

Ƙasar tsofaffi

Ɗan Italiya kan rayu wajen shekara 83, yana cikin masu tsawon rai a duniya. Wannan nasara ce ta abinci da asibiti da zaman lafiya. Sai dai idan tsawon rai ya haɗu da ƙarancin haihuwa, sakamakonsa al'umma ce da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya wuce shekara 65, rabin jama'a kuma sun haura 48. Waɗanda suka kai shekara ɗari sun wuce 20,000.

Tsarin fansho na ƙasar kamar adashi yake: abin da ma'aikatan yau suka zuba shi ake ba tsofaffin yau. Masu zubi suna raguwa, masu kwasa suna ƙaruwa. Fansho yana cin wajen kashi 15 cikin ɗari na dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara, ga kuma bashin da ya fi ƙarfin wannan dukiyar. Gyaran da minista Elsa Fornero ta yi a 2011, a tsakiyar rikicin bashi, shi ya kai shekarun ritaya zuwa 67.

A ƙauyukan kan duwatsu da na tsakiyar Sisili da Sadiniya ake ganin abin da ido. Makarantar firamare takan fara da haɗa azuzuwa biyu ko uku a ɗaki ɗaya, daga baya a rufe ta. Sai reshen banki ya bi, sai kantin magani, sai motar haya ta rage zuwa. Gidaje na dutse suna tsaye a kulle, magada suna Milan ko Jamus, rufin yana zuba. Garuruwa irin su Ganji da Musomeli da Sambuka sun shiga sayar da irin waɗannan gidaje kan yuro ɗaya, bisa sharaɗin mai saye ya gyara cikin 'yan shekaru. Dabarar ta jawo 'yan jarida da masu yawon buɗe ido, ta ceci wasu gine-gine, amma mafi yawan masu sayen gidan hutu suke nema, ba su kawo yaran da za su cika aji ba.

Zuwan baƙi

Har zuwa shekarun 1980 Italiya ba ta da cikakkiyar dokar shige da fice, domin ba ta ɗauki kanta ƙasar da ake zuwa ba. Kisan wani ɗan gudun hijira daga Afirka ta Kudu, Jerry Masslo, wanda yake tsinkar tumatir a Billa Litano a 1989, ya girgiza jama'a, ya kuma hanzarta dokar Martelli ta 1990. Shekara guda bayan haka, ranar 8 ga Agusta, 1991, wani jirgin dakon kaya mai suna Vlora ya shigo tashar Bari daga Albaniya ɗauke da mutum kusan 20,000. Sun cika bene, sun hau turakun jirgin, wasu suna faɗawa ruwa tun kafin ya tsaya. Hukuma ta rasa yadda za ta yi, ta tara su a tsohon filin ƙwallo na birnin, aka riƙa jefa musu abinci, daga baya aka mayar da mafi yawansu gida.

Yau baƙin da ke zaune bisa doka sun haura miliyan biyar, kusan kashi 9 cikin ɗari na jama'a. Waɗanda suka fi yawa 'yan Romaniya ne, sama da miliyan ɗaya, kuma tun da ƙasarsu ta shiga Tarayyar Turai a 2007 ba sa buƙatar biza. Sai 'yan Albaniya da 'yan Maroko, kowanne wajen 400,000, sannan 'yan Sin da Yukiren da Bangaladash da Indiya da Filifin. 'Yan Najeriya sun haura 100,000, haka ma 'yan Senegal. Mafi yawan baƙin a arewa da tsakiyar ƙasar suke, inda aiki yake. Kaso mafi girma ta mota ko jirgin sama suka shigo, wasu bizarsu ta ƙare suka zauna, har gwamnati ta yi afuwa ta ba su takardu. Afuwar 2002 kaɗai ta halalta zaman sama da mutum 600,000, kuma gwamnatin da ta yi ta ita ce ta kafa dokar Bossi da Fini mai tsauri, wadda ta ɗaure izinin zama da takardar aiki.

Ayyukan da suke yi sun nuna inda giɓin yake. Dubban ɗaruruwan mata daga Romaniya da Yukiren da Maldoba da Filifin suna kwana a gidajen tsofaffi, suna yi musu wanka da girki da ba da magani, yawancinsu sun bar nasu 'ya'yan a hannun kakanni. Ba don su ba, da tsarin kula da tsofaffi ya durƙushe. A kwarin kogin Po, Indiyawa mabiya addinin Sik ne ke tatsar shanun da ake yin shahararren cukun ƙasar da madararsu. A Firato 'yan Sin sun riƙe masana'antar ɗinki. Gine-gine da ɗakunan girkin otal da tashoshin ƙera jiragen ruwa duk sun dogara da baƙi.

Mafi munin yanayi yana gonaki. A filayen tumatir na Fojiya, ɗan kamasho ne ke ɗaukar lebura da asuba, ya cusa su a motar da aka cire wa kujeru aka jera benci. Ana biya ne bisa akwati, yuro uku ko huɗu kan akwatin da ke cin kilo 300, sannan ɗan kamashon ya cire kuɗin mota, wani lokaci har da na ruwan sha. Da yamma a koma bukkokin kwano da leda, irin na Borgo Mezzanone da aka kafa a kan tsohon filin jirgin sama. A watan Agusta na 2018 lebura 16 suka mutu a haɗarin mota biyu cikin kwana uku a wannan yanki. A Rosarno, garin lemo, 'yan Afirka sun yi bore a Janairun 2010 bayan an harbi wasu daga cikinsu. An kafa dokar hukunta 'yan kamasho da masu gonar da ke amfani da su a 2016, amma wanda ba shi da takardar zama ba ya kai ƙara.

Hanyar teku

Tsibirin Lamfedusa yana da mazauna kimanin 6,000, kuma ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Ranar 3 ga Oktoba, 2013, jirgin da ya taso daga Libiya ya kama wuta ya kife daf da gaɓarsa, mutum 368 suka mutu, mafi yawansu 'yan Eritiriya. Italiya ta ƙaddamar da aikin ceto na sojan ruwa mai suna Mare Nostrum, wanda ya yi shekara guda. A 2016 mutum sama da 181,000 suka sauka ta teku, kuma 'yan Najeriya ne kan gaba, wajen 37,000, cikinsu har da dubban 'yan mata da masu safarar mutane suka ɗaure da bashi da rantsuwa.

Wannan hanya ta ratsa ƙasar Hausa. Da yawa daga matafiyan ta Kano ko Sakkwato suke bi su shiga Nijar, su taru a Agadas, daga nan a ɗora su a bayan Hilux zuwa Dirku da Sabha. Shi ya sa siyasar Italiya ta iso har Sahara. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta haramta jigilar baƙin haure, da matsin lamba da kuɗin Tarayyar Turai, ta sa aka kama direbobi aka ƙwace motoci a Agadas, sauran kuma suka koma bin hanyoyin da babu rijiya. Gwamnatin soja ta Janar Tiani ta soke dokar a Nuwamban 2023. A ɓangaren teku, yarjejeniyar da Italiya ta yi da Libiya a Fabrairun 2017 ta ba masu gadin gaɓar Libiya jirage da horo don su tare kwale-kwale. Masu sauka sun ragu zuwa wajen 11,000 a 2019, waɗanda aka mayar kuwa suka faɗa wuraren tsare mutane inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da azabtarwa da fyaɗe. A 2023 adadin ya sake hawa zuwa kimanin 157,000, galibi ta Tunisiya, kafin ya sauko zuwa wajen 66,000 a 2024.

Giorgia Meloni ta zama firaminista a Oktoban 2022 da alƙawarin tsayar da jiragen. Gwamnatinta ta takura wa ƙungiyoyin ceto, ta kuma gina sansanoni a Albaniya don tsare masu neman mafaka, shirin da kotuna suka yi ta taka wa birki. Amma wannan gwamnatin ce ta amince da bizar aiki 452,000 ga 'yan ƙasashen da ba na Tarayyar Turai ba tsakanin 2023 da 2025, ta kuma ƙara kusan 500,000 na shekaru uku masu biyowa. Masu gonaki da masana'antu da iyalai masu tsofaffi ne suka matsa, kuma lissafi yana bayansu.

'Ya'yan baƙi da 'ya'yan gida

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1992 jini take bi. An rubuta ta ne da tunanin jikokin waɗanda suka tafi Ajantina da Birazil, har ta kai wanda bai taɓa taka Italiya ba yana iya samun fasfo ta hanyar kakan kakansa, sai a 2025 aka taƙaita hakan ga iyaye da kakanni. Yaron da baƙi suka haifa a Milan kuwa sai ya cika shekara 18, ya nuna bai taɓa yanke zama a ƙasar ba, sannan ya nema. Ɗan ƙwallo Mario Balotelli, wanda iyayensa 'yan Gana suka haifa a Falamo, sai a 2008 ya zama ɗan ƙasa. Ɗalibai wajen 900,000 ne a makarantu ba su da takardar ƙasar, kusan kashi biyu cikin uku a Italiya aka haife su. Ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2025, wadda ta nemi rage shekarun jira ga manya daga goma zuwa biyar, ta faɗi saboda masu fitowa ba su kai rabi ba. Duk da haka wasu sun kai manyan muƙamai. Toni Iwobi, haifaffen Gusau, ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan ƙasar a 2018, kuma a ƙarƙashin jam'iyyar Lega mai adawa da kwararar baƙi.

A gefe guda tsohuwar fitar ta dawo tun bayan rikicin tattalin arziki na 2008. A 2024 'yan ƙasa sama da 150,000 suka koma waje, da yawansu matasa masu digiri, likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan jinya, suna neman albashin Jamus da Siwizalan da Ingila da Sifen. Cikinsu har da baƙin da suka sami fasfo suka ƙara gaba. Kudu ce ta fi shan wahala, domin tana asarar matasa ta hanya biyu, zuwa arewa da zuwa waje.

Baƙi suna rage saurin raguwar, ba sa tsayar da ita, domin su ma suna tsufa, haihuwarsu kuma tana sauka zuwa ta masu masauki. Hasashen ISTAT, wanda ya riga ya lissafa da ci gaba da shigowar baƙi, ya nuna jama'ar Italiya za su sauko ƙasa da miliyan 55 a 2050, su kai wajen miliyan 46 a 2080. A 2050 ɗin, kusan mutum ɗaya cikin kowane uku zai kasance ya wuce shekara 65.